Manomin da Ya Ɗinka Anko da Tsohon Awo

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai tsoron Allah, amma mai riƙo. Yana da 'ya'ya mata biyu da namiji guda, sunansa Habila. Wata shekara, ana saura kwana biyu Kirsimeti, Habila ya kwance akuyar da uban yake kiwo domin bikin, ya ja ta kasuwa ya sayar, ya shiga mota sai birni. A shekarar nan gidan sun ci shinkafa da miya babu ko ƙashi.

Shekara bakwai suka wuce. Sai ga saƙo cewa Habila zai zo gida Kirsimetin bana.

Manomin ya yi murna ƙwarai, gama ɗansa ne. Ya sayo atamfa domin a yi wa dukan gidan anko, a shiga sujada kaya iri ɗaya kowa ya gani. Sa'an nan ya buɗe tsohon akwati, ya tono riga da wandon da Habila ya bari.

Matarsa ta ce, "Maigida, ina za ka da tsummokaran nan?"

Ya ce, "Wurin tela. Awon yaron ne."

"Shekara bakwai fa! Ga waya, ka kira shi ka tambaya mana."

"Ni na haife shi, ni kuma zan tambaye shi tsawonsa? Na san Habila kamar yunwar cikina."

Tela ya ɗaga wandon, ya juya shi, ya ce, "Baba, na jikanka ne?"

Manomin ya ce, "Ɗinki na kawo maka, ba tambaya ba. Nawa kuwa ka yi shi da faɗi. Ni dattijon ikkilisiya ne, ba na son abin da zai matse ni."

Da ya dawo gida sai ya yi wani abu kuma. Ya kwance akuyar bana daga turke, ya kai ta ɗakinsa, ya ɗaure ta a ƙafar gado, ya danna kwaɗo a ƙofa, ya jefa makulli aljihu. Matar ta kalle shi, ta kwashi tabarmarta ta koma ɗakin 'yan mata.

Ranar jajibere da la'asar, ana suyar cincin, ana wanke kwanonin da za a kai wa maƙwabta abinci, sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani ƙaton mutum mai gemu ya sauko, da buhun shinkafa a kafaɗa ɗaya, gama shekarun nan duka aikin walda yake yi. Uwar ta rangaɗa guɗa. Uban kuwa sai leƙen bayan mutumin yake yi, yana neman ɗansa.

Bayan an gaisa an sha ruwa, manomin ya miƙa masa ankon. Habila ya dubi kayan. Kyautar uba ce, sai ya shiga ɗaki ya sa. Da ya fito, riga ta tsaya a saman cibiya, hannuwansa sun ƙi sauka, wando ya ƙare a ƙwauri. Ƙannensa suka cusa bakin zane a baki. Ya durƙusa zai yi godiya, sai ɓarrr, wando ya rabu gida biyu.

Gida ya kece da dariya, har da shi Habilan. Ana cikin haka sai aka ji "Meee!" daga ɗakin maigida.

Habila ya dubi turke, babu akuya. Ya dubi kwaɗon da ke ƙofa. Ya dubi ubansa.

Ya ce, "Baba, saboda ni ne?"

Manomin ya ce, "Sanyi ne ya yi mata yawa a waje."

Babu wanda ya yi dariya.

Habila ya ce, "Baba, yaron da ka ɗinka wa kayan nan, wanda ka kulle akuya dominsa, ni ma na daɗe da rabuwa da shi. Gafara na zo nema. In dai shi kake jira, bari in koma tasha tun mota ba ta tashi ba." Ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa, hannu ɗaya yana riƙe da bayan wando.

Manomin ya tsaya kamar an dasa shi. Sai da Habila ya kai bakin ƙofa, sa'an nan ya zabura ya sha gabansa, ya zaro makullin, ya danƙa masa a hannu. Ya ce, "Je ka fito da ita. Kai za ka yanka ta gobe." Ya kuma ɗauko nasa ankon mai faɗi ya ba shi.

Washegari Habila ya shiga sujada da kayan ubansa, sun zauna masa daram. Dattijon kuwa ya matsu cikin 'yar rigar nan, ko numfashi sai da dabara. Wata daga cikin zumuntar mata ta ce, "Baba, wane tela ne ya yi maka wannan aika-aika?"

Ya ce, "Ku bar tela. Ni na yi wa kaina."

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Tsohon akwatin nan zuciyarmu ce. A ciki muke ajiye mutane yadda suke ranar da suka ɓata mana rai, mu ninke, mu rufe. Mutum ya tuba, ya girma, Allah ya yi aiki a cikinsa shekara da shekaru, mu kuwa muna nan da tsohon awo. Ku lura fa, manomin nan yana ƙaunar ɗansa da gaske! Da hannun da ya sayi kyauta, da shi ya danna kwaɗo. Haka yawancinmu muke: mun ce mun yafe, makulli kuwa yana aljihu.

Allah bai yi mana haka ba. Da ya aiko Ɗansa duniya, bai tsaya ya ce sai ya ga yadda za mu yi tukuna ba. Ya karɓe mu, ya kuma ba mu amanar aikinsa, mu da ya san tarihinmu sarai.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga aikin wannan mako. Shinkafa za ta dahu, anko zai yi kyau, hotuna za su cika waya. Amma a gidanku, ko gidan maƙwabta, akwai wanda zai sauko daga mota ranar jajibere yana karanta fuskokinku ya ga ko zai kwana ko zai juya. Kada ka bari ya gama karantawa. Tashi ka karɓi jakarsa.