Mai Gudu Da Goran Ubansa

Akwai wani mutum a ƙasar Koriya, can gabas mai nisa, ana ce da shi Sang-gil. Allah ya ba shi ƙafa. Sana'arsa gudun famfalaki, irin gudun nan da mutum zai tashi daga garinsu da sassafe ya wuce kasuwar ƙauye uku bai tsaya ba. Ubansa, wani manomi mai ƙarancin magana, shi ya koya masa gudu a kan duwatsun garinsu tun yana ƙarami.

A irin wannan tsere akan jera tebura a bakin hanya, nan da can, kowane mai gudu a ajiye masa goran ruwansa. Uban Sang-gil shi ke haɗa masa nasa. Yakan soya sha'ir, ya dafa, ya tace, ya sa ɗan gishiri, ya ɗaura wa kowane gora jan ƙyalle don ɗansa ya hango shi daga nesa. Doka ɗaya ce ya kafa masa. Ya ce, "Ɗana, ka sha tun ba ka ji ƙishi ba. Ƙishirwar da ta kama ka a hanya ta riga ta ci ƙafarka."

Mutanen ƙasar kuwa suna da wata al'ada. In babba ya miƙa maka abin sha, da hannu biyu kake karɓa. Saboda haka Sang-gil yakan ɗan rage gudu a kowane tebur ya ɗauki goran da hannu biyu, ko da yake uban ba ya tsaye a wurin.

Ya yi ta cin tsere, sunansa ya cika ƙasar. Girman kai kuwa rawanin tsiya ne, mai shi ma ba ya ganin sa, sai na kusa. Ranar babban tseren ƙasa gari ya waye da sanyi, jikinsa sakayau, shi ne kan gaba. Ya hango jan ƙyalle, ya ce a ransa, "Ni da ba na jin ƙishi, me zai sa in ɓata taku?" Ya wuce. Na biyu ma ya wuce, na uku ko kallo bai ishe shi ba. Da rana ta ɗaga, ga ƙofar filin wasa yana hange, sai ƙafafunsa suka sandare kamar itace. Ya faɗi a kan titi yana kallon diddigen mutane suna wucewa.

Uban bai yi faɗa ba. Ya bi hanya tebur-tebur ya tattaro gorunan, ya kawo gida ya jera su a bakin ƙofa, kowanne cike. Da duka ya yi masa da ya fi sauƙi. Sang-gil ya dubi gorunan, ya yi kuka mai zafi.

Shekaru suka shuɗe. Gwiwarsa ta fara ciwo, furfura ta leƙo, yaran da ke tafa masa a dā suka zama abokan karawarsa. Ya san tsere ɗaya ya rage masa, wato babban tseren ƙasar nan da ya faɗi a cikinsa, in bai wanke wannan kunya yanzu ba, da ita za shi kabari. Ya je wurin uban, wanda yanzu sai da sanda, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka ɗaura mini ƙyallen."

Tsohon ya ce, "Ai ban taɓa kwance shi ba."

Ranar tseren gari ya sāke wayewa da sanyi. A tebur na fari samari suka wuce fuu, wasu suka fizgi gora suka kurɓa suka yar. Sang-gil ya rage gudu, ya ɗauki nasa da hannu biyu, ya shanye. Wani a cikin 'yan kallo ya ɗaga murya, "Kai, wannan dattijo gudu ya zo ko shan shayi?" Aka yi dariya. Haka ya yi a kowane tebur, har na gaba suka ɓace masa.

Sai rana ta buɗe. Hanya ta hau wani dogon tudu, kwalta tana tururi. A nan ya fara tarar da su. Wannan ya dafe ciki, wancan yana jan ƙafa, wani ya zauna a bakin titi yana roƙon ruwa, an ba shi amma ruwan ya makara. Sang-gil kuwa, shi da gwiwa mai ciwo, ya ji ƙarfi yana tasowa daga cikinsa kamar ruwa a rijiyar da aka yashe. Shi kansa abin ya ba shi tsoro. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce daidai wurin da ya taɓa faɗuwa, ya shiga filin wasa shi kaɗai, goran ƙarshe a hannunsa. Jama'a suka miƙe, ihu ya tashi har ƙasa tana rawa.

Da ya haye layi bai nufi wurin kyauta ba. Ya nufi inda tsohon ke zaune, ya miƙa masa goran da hannu biyu, ya sa goshinsa a ƙasa. Tsohon ya kai goran kusa da kunnensa ya girgiza, bai ji motsin komai ba. Hawaye suka zubo masa, ya ce, "Ka shanye, ɗana. Tashi."

To, ga ma'anar wannan misali, ku kasa kunne. Tseren nan ranka ne. Uban shi ne Ubangiji, wanda ya riga ka sanin hanyar, ya san inda tudun yake. Gorunan su ne Maganarsa da addu'a da taron masu bi, ya jera maka su tun ba ka fito ba. Sanyin safiya kuwa kwanakin lafiya ne, lokacin da rumbu ke cike, yara na makaranta, ba abin da ke ciwo. A nan ne muke wuce tebur. Na san mu sarai. Ran Lahadi sai a ce, "Yau na gaji, ai ba abin da ke damuna." Ran da ciwo ya shigo gida kuma, sai a zo da gudu ana neman fasto ya yi addu'ar shekara goma a zama ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yan'uwa.

Tudu yana gaba, kowa sai ya hau nasa. Ku sha yau, tun kuna da sanyin safiya, ku karɓa da hannu biyu, ko da na gefe na yi muku dariya. Ranar da za ka shiga babban fili ka tsaya gaban Ubanka, zai karɓi goranka ya girgiza. Allah ya sa ya tarar ka shanye. Amin.