Kyallu Mai Shara a Kan Sallau

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo, Kawu, kunnenmu na nan.

Tun Sallau yana cikin uwarsa, bai kai ƙwayar wake ba, aka fara gina gari a cikin kansa, sunan garin Ƙwaƙwalwa. Garin zare ne zalla, kowane zare yana riƙe da abu guda: suna, hanya, fuska. Aka gama, ba mai shara. Sai aka aika wani ƙauye can gefe, Gwaiduwa, aka ɗauko wata mai suna Kyallu.

Kunkuru mai tsaron ƙofa ya ce, "Aikin kwana biyu ne, 'yata. Ki kwashe matattu, ki yanke zaren da ba a ja."

Tana shiga aka zagaye garin da ganuwa.

Da aka haifi Sallau ta zo ƙofa. "Baba, zan je in ga innata."

"Wace inna? Gwaiduwa ta ƙafe tuntuni. Koma."

Ta koma. In ta gaji sai ta rabe biyu, su gaji tare.

Sallau ya yi gemu, ta dawo. "Baba, ina jin dakarun garin Ɓargo, na can cikin ƙashi, suna wucewa cikin jini. A bar ɗaya ya karɓe ni."

"Waɗannan? Ba su san tsintsiya ba, sai gora. Koma."

Ta koma.

Sallau ya yi furfura, ta rarrafo. "Baba, idona ya tafi. Ba na rarrabe zare mai rai da matacce."

Kunkuru ya yi dogon nazari, ya ce, "To, ki yi a hankali." Dama bai san wata shawara ba.

Ta koma tana lalube. Hannunta ya faɗa kan wani zare da aka yi shekara arba'in ana ja kullum, har ya sirance. Ta ce, "Wannan ya ƙare." Ta yanke.

Da hantsi Hansatu, 'yar Sallau ta fari, ta kawo masa kunu. Ya karɓa da hannu biyu, ya dube ta da ladabi.

"Sannu, baiwar Allah. 'Yar gidan wa ce ke?"

Shi ya sa wani tsohon yake mance nasa. Mai sharar ba muguwa ba ce, an dai rufe ta da aiki ne ba mai karɓa. Likitoci suna da nasu bayanin, ya fi wannan tsawo, bai fi shi daɗi ba.

Ƙurunƙus. Ku je ku gai da kakanninku, kowa ya faɗi sunansa.