Zinaren Gwaggo a Cikin Shara

Akwai wani ɗan maƙerin zinare da ya raɗa wa kansa suna Gwani. Gemu ya cika masa fuska, amma tsokana ba ta bar shi ba. Kullum cewa yake shi ya bar makaranta don malamai sun rasa abin koya masa.

Wata safiya gwaggonsa ta kawo ɗan kunnen mahaifiyarta, wari ɗaya da ya rage mata, a yi wa 'yarta zobe da shi. Babansa ya goge shi da magagari har ya zama gari, ya tara a takarda, ya fita sayen gawayi.

Gwani ya zauna yana kallon hasken taga, yana ganin kansa a babban shago mai madubai, mata na layi suna kiran sunansa. Can ya hango shayin Inna mai shara a kan benci, sai shaiɗancin ya motsa. Ya ɗebo gishiri zai zuba mata.

Gwiwar hannunsa ta doki takardar. Zinaren ya bi iska, ya sauka cikin farantin yashin da ake zubin zinare a ciki, gishirin ya bi shi. Garin ɓoye ɓarna ya share ƙasa ya ƙara a kai, har da garin ƙarfe.

Inna ta shigo ta same shi tsugune, ya dafe kai.

"Gwani, yau kuma wa ya mutu?"

"Ni ne, Inna. Zinaren Gwaggo ya tafi. Wannan ko injiniya bai raba shi."

Ta leƙa farantin. "Wannan farin fa? Na shayina ne ko?"

Gwani ya gyaɗa kai.

Ashe shekara ashirin Inna ta yi tana share ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, tsintsiya a hannu, kunne a wurin malami. Ta ce, "Ɗan nan, cakuɗa ba ɓata ba ce. Kowa a cikin farantin nan yana nan da halinsa. Fasa min tsohuwar rediyon can."

Ta ciro maganaɗisun lasifika, ta naɗe shi a leda, ta riƙa shawagi da shi a kan farantin. Garin ƙarfe ya miƙe ya manne kamar gashin jariri.

Ta juye sauran a ruwa ta motsa. "Yashi da ƙarfe ido na ganinsu. Gishiri kuwa munafuki ne, narkewa yake ya ce ba ya nan." Ta tace da farin ƙyalle, ta kai ruwan rana a faffaɗan tire.

Abin da ya rage a ƙyallen ta zuba a kwano da sabon ruwa, ta soma rairaya a hankali. Kwanon na juyawa, yashi na bin ruwa yana fita ta baki. Gwani ya ƙura ido har shagon ya ɓace masa. Ya tuna kakarsa tana goye da shi, ɗan kunnen nan yana lilo a gaban idonsa, yana miƙa hannu bai kai ba.

"Mai nauyi ba ya gudu," in ji Inna. "Duba."

A gindin kwanon wani siririn layi rawaya ya kwanta yana ƙyalli.

Da babansa ya dawo ya ɗora zinaren a sikeli, ya ga ya ɗan ragu. Gwani ya buɗe baki zai shara ƙarya, ya dubi Inna, sai ya faɗi gaskiya tas. Baba ya cike da ɗan guntun zinarensa, ya ce Gwani ne zai yi sharar shago wata uku, Inna na zaune tana duba shi.

Bayan kwana biyu Gwaggo ta karɓi zobe tana share hawaye. Tana fita, Inna ta kankare tiren da rana ta busar, ta ƙulle farin garin a takarda, ta danƙa wa Gwani.

"Ga gishirinka. Yanzu je ka haɗo min shayi, da sukari."

Darasi: Kada ka raina wanda ke share inda kake zama, wataƙila ya ji abin da kai ka tsallake. Kuma abin da ya cakuɗe haƙuri ke raba shi, ba cika baki ba. Ku tura wa duk wani Gwani da kuka sani, na san kowane gida akwai ɗaya.