Mawaƙin da Ya Kori 'Yan Amshinsa

An yi wani mutum a nan Sakkwato, wajen Ƙofar Taramniya, shekarun da aka samu 'yancin kai. Mawaƙi ne na zamani. Allah ya ba shi murya, ya haɗa shi da mutum huɗu masu jita da ganga, su ne kuma 'yan amshinsa. Babbansu Hayatu, tare suka tashi.

Sunansa ya fita. Rediyo ta ɗauka, aka buga faifai, duk gidan da ke da garmaho muryarsa ce a ciki. Sai kai ya kumbura.

Al'adar mawaƙa ce a tsakiyar waƙa su ambaci 'yan amshinsu. Shi ya daina. Da Hayatu ya yi magana, sai ya ce, "Ni ka waƙa, ku ka bi na. Wa as san ku?" Ya sallame su, ya ɗebo samari da suka haddace waƙoƙinsa a rediyo.

Ya 'yan uwa, akwai abin da bai sani ba. Numfashinsa gajere ne tun yana yaro. Shekara tara Hayatu na jan amshi, yana ƙara masa tsawo, har sai ya ga ƙirjin abokinsa ya cika. Bai taɓa faɗa masa ba, don kada ya ji kunya.

Ranar wani babban biki, gari ya taru. Samari suka amsa daidai yadda suka haddace, tsaf, suka yi shiru. Ina numfashi? Ya buɗe baki, baiti na uku murya ta tsinke, sai tari. Jama'a suka fashe da dariya.

Washegari Hayatu ya zo da kansa, ya ce su koma waƙa tare. Mutumin nan ya nuna masa ƙofa. "Gara in mutu bebe da in roƙe ka." Haka kuwa aka yi, wallahi. Ya shekara arba'in bai sake waƙa ba, bai sake gaida Hayatu ba, ya mutu a kan bakansa.

Kada ku ce da ni waƙa ce ta halaka shi, ban yarda ba! Girman kai ne da butulci. Kai da ke zaune nan, wa ke rufa maka asiri ba ka sani ba? Matarka? Ƙanenka? Yaushe rabonka da ka ce masa na gode?

Allah ya kiyaye mu da raina wanda ke riƙe da mu. Amin.