Mai Auna Tauraro da Tsagar Bangonsa

Akwai wani mutum da aka danƙa wa aikin auna tauraro. Ba irin waɗanda Ubangiji ya shimfiɗa a sama ba, na ɗan adam ne: dunƙulen ƙarfe kamar babban tulu, an manna masa ɗaruruwan ƙananan madubai, aka harba shi sama. Ba inji, ba murya. Aikinsa ɗaya tak: in haske ya same shi, ya mayar da shi inda ya fito.

Mutumin ya kafa na'urarsa bisa ginshiƙin siminti a bakin fadama, kusa da gidansa. Duk sa'ad da tauraron ya gifta, sai ya harba masa siririn haske mai ƙarfi da ake kira leza. Hasken ya yi tafiyar dubban kilomita, ya dawo tun ido bai gama ƙiftawa ba. Daga tsawon lokacin da hasken ya ɗauka ake sanin nisan, kuskuren bai kai faɗin yatsa ba.

To, don me? Wani masani na dā ya ce nauyin duniya yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da ita, in tana juyawa kuma tana jansa, kamar yadda muciya ke jan talge. In gaskiya ne, hanyar tauraron za ta gusa kamar taki biyu a shekara. Taki biyu, jama'a, a cikin wannan makeken sarari! Duk ranar da mutumin ya tuna da haka, sai tsikar jikinsa ta tashi.

Shekara bakwai yana aunawa. Sai abokan aikinsa na wasu ƙasashe suka aiko masa cewa, “Awonka ya saɓa da namu. A wurinka kaɗai tauraron yake matsowa da damina, ya ja da baya da rani. In ba ka gano dalili ba, za mu jingine aikinka duka.”

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya duba na'ura, lafiya lau. Ya zauna ya fara rubuta amsa, cewa tauraron ne ya lalace.

Ana cikin haka matarsa ta kawo masa kunu, ta tarar ya haɗa kai da gwiwa. Da ya faɗa mata, sai ta yi dariya.

“Baban Rifkatu, kai mai auna sama, ka taɓa auna tsagar bangon ɗakinmu?”

“Haba, Maman Rifkatu, ina maganar tauraro kina maganar bango?”

“Da rani yatsana yana shiga tsagar nan. Da damina ko tsinke ba ya shiga. Ƙasar wurin nan laka ce, in ta sha ruwa sai ta kumbura. Babana ko rumbu bai yarda ya kafa a nan ba, kai kuwa ka ɗora mata abin duba sama.”

Ya tashi ya nufi wurin na'urar. Ya ɗauki diga ya tona gindin ginshiƙin, sai ga shi zaune bisa laka, bai kai ga dutse ba. Ya cire hularsa, ya durƙusa a bakin ramin, ya ɗaga ido sama ya ce, “Ashe ba kai ne kake motsi ba. Ni ne.”

Ya yayyage wasiƙar. Ya haƙa har ya tarar da dutse, ya sāke kafa ginshiƙin. Ya cire kumburin ƙasar daga awon shekarun nan bakwai, sai lissafinsa ya dace da na 'yan'uwansa. Kuma ga takin nan biyu, sun fito sarai, yadda masanin ya faɗa.

Ma'anar wannan misali ita ce: tauraron shi ne alkawarin Allah, wanda ba ya sākewa. Hasken addu'armu ce. Lakar kuwa zuciyarmu ce, da take kumbura a ranar wadata, ta tsage a ranar wahala. Sau nawa muke cewa, “Ubangiji ya yi nisa da ni bana”? 'Yan'uwa, wanda ya tsara sammai da daidaito har ana auna taki biyu a cikinsu, ba zai kauce daga maganarsa ba. Kafin ka kai ƙarar sama, ɗauki diga ka duba abin da kake tsaye a kansa.