Mai Digiri da Littafin Aji Biyar

Akwai wata mata a Tudun Wada mai suna Badiyya, shugabar ƙungiyar mata masu turara shinkafa. Tana da digiri a fannin Hausa, ga baki kamar reza. Amma da an ce lissafi sai jikinta ya yi sanyi.

Duk sanda 'yan kamfani suka zo daga Kano neman yarjejeniya, suka fara zancen kaza cikin ɗari, sai Badiyya ta yi ta gyaɗa kai alhali ba ta gane ba. Abin yana ci mata rai, don mata arba'in ne suka dogara da ita. Shi ya sa ta ƙudura shiga makarantar koyon kasuwanci. Jarrabawar shiga sau ɗaya ake yi a shekara, kuma sai mutum ya ci maki goma sha takwas cikin talatin a lissafi. Bara biyar ta ci.

Saura wata uku a sake jarrabawa, ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Malam Shitu, tsohon malaminta na firamare wanda ya daɗe da yin ritaya. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malam, lissafin nan ne har yau ban gane shi ba. Taimako na zo nema."

Ya dube ta ta saman tabarau. "To Badiyyatu, rabi da sulusi, in an haɗa nawa ke nan?"

Ta rubuta ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku, ta haɗa na sama, ta haɗa na ƙasa. "Biyu bisa biyar, Malam."

"Ikon Allah! Kin zuba rabin kwanon shinkafa, kin ƙara sulusi, sai ta koma ba ta kai rabi ba? Haka kike auna wa mutane?"

Badiyya ta rufe fuska tana dariya, hawaye kuma na zubowa. Malam ya shiga ɗaki ya fito da littafin lissafi na aji biyar, bangonsa duk ya yage.

"Nan aka bar ki a baya. Daga nan za mu tashi."

Jama'a, in da ni ne, wallahi a buhu zan ɓoye littafin nan. Badiyya kuwa a hannu take riƙe shi. Tukunya na kan wuta, ita tana gefe a kan tabarma da fensir. Kullum bayan la'asar tana zauren Malam, in ta kuskure ya sa ta sake, wani lokaci har sau shida.

Ƙanin mijinta Sharif ya samu abin tsokana.

"Matar Yaya, yaushe za a ɗinka miki yunifom? Da digirinki da komai!"

"Ka ɗinko, zan sa."

Sai ya rage murya. "Ban da wasa, na san wani da ke samo amsa tun kafin ranar jarrabawa. Ki huta da wahalar nan."

"In ya samo mini amsa, shi zai zauna gaban 'yan kamfani ranar da suka dawo? Bar ni da wahalata, Sharif."

Daga ranar bai sake tayar da zancen ba.

Ba a dare ɗaya abin ya shiga kanta ba. Sati uku ta yi a kan lissafin su rabi da sulusin nan kaɗai. Akwai ranar da ta jefar da fensir ta ce ta haƙura, washegari kuma ta riga Malam isa zaure. A hankali suka gama na aji biyar, suka shiga na shida, suka taɓa na sakandare, sannan suka koma kan tambayoyin shekarun baya.

Ranar jarrabawa ta bi motar farko zuwa Kano. Tambayoyi bakwai ta bari ba ta taɓa ba, lokaci ya ƙare mata. Ta dawo gida ta shiga jiran sakamako.

Bayan sati biyu sakamako ya shigo wayarta. Goma sha tara. An ɗauke ta.

Ko gida ba ta biya ba, daga wurin aiki ta wuce zauren Malam Shitu, zaninta duk ƙaiƙayi. Ta miƙa masa wayar. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga.

"Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, Badiyyatu. Ɗalibaina da yawa sun dawo gaishe ni, wasu da manyan motoci. Amma wanda ya dawo ya ce mini 'Malam, ban gane ba', ke ce ta farko."

Darasi: Ba abin kunya ba ne babba ya koma inda aka bar shi a baya ya faro daga nan. Abin kunya shi ne ka yi ta gyaɗa kai kana ɓoye rashin sani. Ku tura wa duk wanda tsoron lissafi ya hana shi neman abin da yake so.