Abin da Ta Gani a Fayil Ɗin Tela

Akwai wata ma'aikaciyar banki da abokan aikinta ke kira Hajiyar Kanta. Shekara tara tana kan kujerar nan, ba a taɓa samun ta da laifi ba.

Wata Asabar gwaggonta ta zo mata gida. Ɗan gwaggon zai auri 'yar wani tela, telan kuwa a bankin yake ajiya. Gwaggo ta ce a ɗan leƙa mata fayil ɗinsa kawai, ta san irin gidan da za su haɗa zuri'a da shi.

Hajiyar Kanta ta ce dokar aiki ta hana. Gwaggo ta ɓata rai.

"Ni da na goya ki, yau ni ce bare?"

Ran Litinin, kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, ta sa lambar sirrinta ta buɗe fayil ɗin. Takardar asibiti ta gani, wadda telan ya haɗa lokacin da ya nemi tallafin jinya. Matarsa na shan maganin taɓin hankali, shekara shida, daga shi sai likita suka sani.

Ta faɗa wa gwaggo, ta roƙe ta kada zancen ya fita. Amma magana zarar bunu ce. Mako bai zagayo ba aka fasa auren. Matan layi suka riƙa nuna matar telan da baki. Ta daina fita, ta daina shan magani, har aka kwantar da ita.

Telan ya zo rufe asusunsa, zare maƙale a hannun rigarsa. Layi ya kawo shi gabanta, bai san ita ce ta tona asirin ba.

"'Yata, ke dai mutuniyar kirki ce," in ji shi a hankali. "Amma wani a gidan nan ya yaye min zani a kasuwa. Baiwar Allah ta fara samun sauƙi fa, har ta koma yi min aikin maɓalli."

Ta buga hatimi. Ya sa mata albarka, ya fita.

Na'urar banki na riƙe sunan duk wanda ya buɗe fayil. Da manaja ya kira ta, ba ta yi musu ba, ta ajiye katin aikinta a kan tebur. Gwaggo kuwa tuni ta samo wa ɗanta wata. Hajiyar Kanta ce dai har yau ba ta iya bi ta layin shagon telan.

Darasi: Bayanan mutane da aka damƙa maka a wurin aiki amana ce, ko wanda ya goya ka ba shi da haƙƙi a kansu. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da lambar sirrin ofis.